Hatimi Mai Giɓi Biyu

Malamin makarantar nan da ke haya a ɗakin ƙofar gidanmu yana da wata cuta, amma ba ta jiki ba. Babban mutum, da gemunsa da albashinsa, sai ga shi ba ya da aiki sai tara kan sarki, 'yar takardar nan da ake lasa a manna a bayan wasiƙa. Ba kuma don ya aika wa kowa ba. Wanda aka riga aka yi aiki da shi yake so, ya jiƙa ambulan ya ɓamɓare shi a hankali, ya shanya, ya jera a littafi kamar mai shanyar kuɓewa. Shekaranjiya da hantsi na same shi a bakin ƙofa, ya ɗaga ɗaya sama wajen rana, ya rufe ido ɗaya. Na ce, "Malam, wata kake nema da rana tsaka?" Ya ce a'a, wani ne ya sayar masa a Zariya, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi kwanciya, yana jin na jabu ne.

Dariya na yi niyya, sai na fasa. Hannun nan da ya ɗaga, da idon nan ɗaya a rufe, kakana ne sak, mutumin da aka binne tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba.

Kafin in ci gaba, mai karatu, bari in gaya maka wanda kake saurare, don kada ka ce an cuce ka. Ni babban malami ne. Na yi karatun allo har na kusa ganin inda wasu suka fara. Boko kuwa sai da furfura ta gama da kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a benci ɗaya da jikokin abokaina, na fito da takardar shaida wadda har yau ban gama karance ta ba. Saboda haka in ka ga rubutuna ya karkace, hannu ne, labarin dai a miƙe yake.

Ƙauyenmu yana tsakanin Maska da Bakori, cikin ƙasar dawa da auduga. A lokacin Funtuwar nan da ake ta hura hanci da ita ba ta fi 'yan rumbuna da karnuka ba, duk wanda ya ce zai je gari, Maska yake nufi. Ni ɗan fari ne, don haka a ɗakin kakata na tashi. Innata ba ta kiran sunana, ba ta dubana in akwai mutane, in ta zuba mini tuwo sai ta aje a ƙasa ta kau da kai kamar kaji ta zuba wa. Haka aka san kunyar ɗan fari, ba wanda ya ga abin magana. Kakata ce ke ce mini maigidana. Kakana kuwa kishi yake da ni a kanta, kullum yana cewa zai sayar da ni ya sayi taba.

Shi kakan nawa a ƙuruciyarsa ɗan aike ne. Ƙafa gare shi, sai aka riƙa ba shi takardu yana kaiwa tsakanin Maska da birni, inda fadar sarki take, wani lokaci har Zazzau. Ba ya karatu sosai, amma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne hatimin da ke saman kowace takarda, baƙin zoben nan da sarki ke bugawa don a san maganarsa ce. In takarda ta gama aikinta aka yar da zancenta, sai ya roƙa a ba shi, ya yanke hatimin da aska ya adana. Wasu mutane suna neman irin waɗannan don a ɗinke musu a laya, wai albarkar sarakuna. Shi ko kusa. Kallo kawai yake so. Yana da gafaka guda da ya cika da su, kowanne a naɗe cikin ƙyalle. Har yau in na ji warin tsohuwar fata da ta sha hayaƙi, gauraye da ƙaro, sai in ga gafakar nan a gabana.

Da yake akwai masu nema, akwai kuma masu cuta. 'Yan koli sukan zo kasuwa da 'yan guntayen takardu su ce hatimin Sakkwato ne, mai ciwon ido ya shafa, mai shari'a ya rataya. Wanda ke da wayo kafin ya saya sai ya zo zauren kakana. Nan tsoho zai gyara zama. Ya ɗaga takardar sama wajen rana ya ga ko akwai jinjirin wata uku a cikin jikinta, irin na takardar da ake kawowa ta hamada. Ya juya bayanta ya shafa da babban yatsa, don hatimin azurfa yana barin ɗan tudu a baya. Ya sunsuna. Ya duba bakin zoben, in kaifi gare shi ko kuwa ya baje kamar an buga da ɓawon kabewa. Sa'an nan ya yi shiru har mai abu ya fara gumi, ya ce, "Wannan a bayan kasuwa aka haife shi." Duk abin da yake yi kuma da baki yake yi, yana bayani, yana koyar da duk wanda ke zaune, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Wanda ya fi ƙauna duk cikin gafakar shi ne hatimin sarkin da ke kan gado a lokacin. Guda ɗaya tak gare shi. Akwai ɗan giɓi a bakin zoben ta dama, inda baƙin bai kama ba, don hatimin ya taɓa faɗuwa a kan dutse ya ɓantare. Wannan gaskiya ne, kowace takardar sarkin nan da haka take fitowa. To wata damina, da ruwa ya matsa, ɗakin tsoho ya fara yoyo, kakata ta ɗauke gafakar ta rataye a ɗakinta kusa da ragayar da take sa ƙwaryar zuma. Kyankyaso ya bi zuma, ya zarce gafaka. Ka san tawada da ƙaro ake haɗa ta, kyankyaso kuwa ba abin da yake so kamar ƙaro. Bai taɓa takardar ba, tawadar kawai ya lashe a gefen hagu, tsaf, ya bar wani giɓin fari tas kamar da shi aka buga.

An yi rigima a cikin gida, amma a rufe. Da aka fito zaure wani ya ce, "Baba, da ba giɓi ɗaya ne ba?" Kakana ba zai iya buɗe baki ya ce ƙwaro ya ci sarkinsa ba. Sai ya yi gyaran murya ya ce idon mai tambaya ne bai gani ba tun farko. Na biyun nan, in ji shi, kibiyar mahara ce ta sami hatimin yana cikin aljihun sarki, shi ya tare ta. Labari ya yi daɗi. Kullum aka sake shi sai kibiyar ta ƙara tsawo, har ta sami dafi. Daga nan ƙa'ida ta zauna a bakin kowa, tun daga ƙauyenmu har kasuwannin kewaye: hatimin sarki na gaske giɓi biyu gare shi, tsohon ɗan aike ya faɗa. Ni kaina labarin kibiya na sani. Na kyankyaso sai daga baya na ji.

Da kaka ta yi, aka sare dawa, duma ya bushe a kan danga, wani mai zanen ƙwarya ya sauka a zaurenmu. Baƙo ne, bai cika magana ba, hannunsa kuwa abin kallo. Zai ɗauki ƙwarya fara ya bi ta da 'yar wuƙa, kafin ka ankara ta zama kamar an saƙa mata riga. Mata suka yi ta kawo nasu. Kakana ya samu abin da ya daɗe yana nema, wato mai saurare da ba ya katse shi. Ya buɗe masa gafaka, ya buɗe masa gida, wane ne ya tafi ina, wane ne ɗan wane. Baƙon yakan roƙi a ba shi hatimin nan ya fita da shi haske, wai yana son ya koyi zanen bakin zoben ya sa a ƙorai. Da sanyi ya wuce ya ɗaure kayansa ya yi gaba, aka yi masa addu'a.

Damina ta sake zagayowa. Babana ya bi fatake neman goro tun rani, ruwa ya tare su a hanya. Dawa ta kai gwiwa, ana noman biyu, gari ya zama na tsofaffi da awaki da rana. Ran nan ana gayya a gonar maƙwabcinmu Sarkin Noma, Bamaguje ne, tsakaninmu da shi danga ce kawai, kuma duk wani mai ƙarfi a hannu yana can. Kana jin gangar noma daga nesa, iska na kawo ta tana mayarwa. Ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Ina zaune a ƙofar zaure ina fafatawa da wani gyare, sai ga mutum bisa doki, da baƙin rawani, da takobi a kafaɗa, wani na biye da shi a ƙasa riƙe da mashi.

Ya ce shi jakada ne daga fada, ya tambayi gidan tsohon ɗan aike. Kakana ya fito yana gyara hula. Aka shimfiɗa buzu, aka kira liman, don takardar da Larabci take. Liman ya karanta ya fassara. Wai sarki ya tuna da wahalar da bawansa ya sha a hanya shekara da shekaru, yana so ya saka masa. A ba jakada jikansa, ɗan farin ɗansa, a kai shi fada, a sa masa riga, a koya masa hawan doki, ya tashi cikin yaran sarki. Kuma yau ɗin nan za su juya.

Mai karatu, ka taɓa ganin ɗan ƙauye mai bante ɗaya an ce masa riga da doki? Ban tsaya jin sauran ba. Na sheƙa cikin gida ina ihu an aiko daga fada a tafi da ni. Na wanke ƙafafuna da ban taɓa wankewa don raina ba. Na jawo wata tsohuwar taguwar babana na zurma, tana jan ƙasa. Innata tana daka a tsakar gida. Ba ta ɗago ba, ba ta ce uffan ba, ba ta da bakin cewa. Taɓaryar ce dai ta canza murya. Da tana faɗuwa daidai, yanzu sai ta sauka ta daɗe kafin ta tashi.

Kakata ta aje abawar da take kaɗi ta leƙa ta kafar zana. Ta daɗe tana leƙe. Sa'an nan ta dama fura, ta sa na kai zaure, ta ce in gaya wa baƙo za a yanka masa kaza. Na kai, na faɗa. Jakada ya ce an gode, sauri suke, kada a wahala. Ko sirdin dokinsa bai kwance ba. Na dawo na gaya mata, ina jin haushin tana ɓata mana lokaci.

Ta ce, "Ya ce kada a yanka?"

Na ce i.

Ta ce, "Tun ina budurwa nake ganin jakadu. Ban taɓa ganin wanda aka ce kaza bai ce ina ragon ba." Ta sake leƙawa. "Kuma wannan laka da ke ƙafar dokinsa ja ce. Hanyar birni ba jar laka."

A zaure kuwa liman ya miƙa wa kakana takardar, ya ce shi nasa karatu ne, hatimi sai mai shi. Na koma na raɓe a ƙofa ina jiran a ce tashi. Tsoho ya fita haske ya ɗaga ta sama. Jinjirin wata na nan. Ya shafa bayan, tudu na nan. Ya sunsuna. Bakin zoben da kaifinsa. Liman ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ma sha Allah, ga giɓin dama, ga na kibiya. Yadda kake faɗa, Baba, ba ragi." Jakada ya yi murmushi ya gyara takobi.

Kakana bai ce kome ba. Wannan shi ne abin da ya fara ba ni tsoro, ko da yake ban san tsoro ba ne a lokacin. Mutumin da ba ya iya duba ko ɓawon gyaɗa bai yi wa'azi a kai ba, ya duba hatimin sarki ya yi shiru. Can ya ce wa baƙo bari ya shiga ya haɗa wa yaro 'yan kayansa. Ya shigo da takardar a hannu, ya wuce ɗaki ya ɗauko nasa, ya zauna a kan turmin da ke kife, ya jera su biyu a kan gwiwarsa. Kakata ta sunkuya ta duba wannan, ta duba wancan.

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe kyankyasona har fada ya je lasa."

Ya ce, "Ke, rage murya."

Ta ce, "Malam, wannan daga naka aka kwafe shi. Ba wani hatimi a duniya mai wannan giɓin sai wanda ke kan gwiwarka."

Ya ce ya sani. Ya ce amma liman ya riga ya shaida, kuma in ya ce na ƙarya ne, sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne duk shekarun nan ƙarya yake yi wa mutane a zaurensa.

Ta ce, "To zaɓi. Gemunka ko maigidana."

Ya ɗago ya harare ta. "Wa ya ce miki zaɓe nake? Numfashi nake nema."

Ya aike ni in kira liman, wai a zo a yi mini addu'ar tafiya. Liman ya shigo, kakana ya ja shi bayan rumbu. Ni ina gefe ana ɗaure mini taguwa, kunnena na can. Tsoho ya faɗi kome, zuma, ragaya, da sauransu, kansa a ƙasa kamar yaron da aka kama a gonar rake. Liman ya shafa gemu, kafaɗunsa na motsi. Da ƙyar ya ce, "Ashe kibiyar ƙafafu gare ta." Sai kuma dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, don ya tuna mutanen da ke zaure da takobi da mashi, mu kuwa a gidan ba mai iya ɗaga taɓarya da ƙarfi sai innata.

Kakata ba ta jira shawararsu ba. Ta riga ta je gindin danga ta kira matar Sarkin Noma, sun yi 'yar magana, matar ta ɗaura zane ta bi ta bayan gari. Sa'an nan ta sa aka kama kazar nan da aka ce kada a yanka, aka yanka. Ban taɓa ganin an fige kaza a hankali kamar ran nan ba, gashi ɗaya ɗaya. Jakada ya aiko a yi sauri, ta ce a gaya masa ba a fitar da yaro daga gida da yunwa. Ya sake aikowa, ta ce itacen ɗanye ne. Ni kuwa ina ta zagaye ina tsaki, ina cewa za ta sa sarki ya fasa.

Can sai gangar noma ta daina zuwa da iska, ta fara zuwa da ƙafa. Tana matsowa, tana matsowa, har ta tsaya a ƙofar zaurenmu. 'Yan gayya ne gaba ɗaya, Musulminsu da Maguzawansu, laka har cinya, gumi na zuba, wasu na warin giyar da aka dafa don aikin, kowa da garmarsa a kafaɗa. Sarkin Noma na gaba, ƙato, da warkinsa. Ya durƙusa ya gai da baƙo da ladabi mai yawa, har ya yi yawa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji ɗanmu ya samu girma. Ba ma bari ya tafi kamar maraya. Mu duka za mu raka shi."

Jakada ya ce sarki ba ya son taro.

Sarkin Noma ya ce, "Ai ba shiga za mu yi ba. A ƙofa za mu tsaya, mu ga ya shiga."

Kakana ya fito da sandarsa da takalman tafiya a hannu, ya ce shi ma ƙafarsa ta motsa. Da hannunsa zai miƙa jikansa, ya kuma nuna wa magatakardan fada takardar, don su tuna da zamanin da. Ya faɗi haka yana kallon baƙon cikin ido. Wanda ke riƙe da mashi ya dubi ubangidansa, ya dubi garemanin nan. Jakada ya ce madalla, haka ya fi. Bari dai su kai doki rafi ya sha ruwa kafin a kama hanya.

Za ka ce me ya hana a kama su. Ba ka san zamanin ba. Mutum ne da takobi, kuma ko hatimin ƙarya ne, hatimi ne, ba talakan da ke son a ce ya ɗora hannu a kan mai ɗauke da sunan sarki. Aka buɗe musu hanya. Da aka ga shan ruwan ya yi tsawo samari suka bi sawu. Doki bai ko tsaya a rafin ba. Sawun ya tsallake ya yi yamma, cikin daji, da gudu.

Ni fa ban gode wa kowa ba. Na yi birgima a tsakar gida cikin taguwar babana, na ce an yi mini baƙin ciki, an kori arzikina. Na ce wa kakata na sake ta. Ta ce, "To, ci kazarka tukuna, sa'an nan ka ba ni takardata, amma a buga hatimi." 'Yan gayya suka cinye rabin kazar suka koma gona. Da la'asar ina zaune gindin rumbu ina shessheƙa, innata ta zo wucewa da ƙwarya. Ta tsaya. Ta sa hannu a kaina kamar za ta cire mini wani tsinke, ta bar hannun a nan. Ba tsinke a kaina, aski aka yi mini ran kasuwa. Sa'an nan ta wuce. Iyakar taɓawar da na tuna ta yi mini ke nan a rayuwa.

Daga ran nan zaurenmu ya canza. Labarin kyankyaso ya fita, aka yi wa tsoho dariya, yara har waƙa suka yi masa, bai damu da wannan ba kamar yadda na zata. Abin da ke cin sa shi ne wa ya kwafa. Sai ya zauna yana bin fuskokin duk waɗanda suka taɓa riƙe hatimin nan. Wanzami ya zo yi masa aski, ya bi hannunsa da kallo. Maƙeri ya yi sallama, ya amsa a daƙile. Har liman sai da ya sha harara. A ƙarshe zatonsa ya tsaya a kan mai zanen ƙwarya, wanda ya san babana ba ya nan, ya san ni ɗan fari ne, ya san wace magana ce za ta shiga kunnen tsoho, kuma ya ji daga bakin mai shi cewa giɓi biyu ne shaida. Kakana ya ce a ƙaho mutumin ya sassaƙa hatimin ko a zuciyar itacen kanya. Amma zato ne. Ba a sake ganin mutumin ba, ba wanda ya kama shi da kome. Mata dai suka daina cin abinci a ƙoran da ya zana.

Kakana ya sa aka kai magana Maska, ya aika kasuwanni a ce giɓi ɗaya ne, ba biyu ba. Sai dai gyara ba ta da ƙafar da labarin kibiya ke da ita.

Bayan an girbe gero muka je kasuwar Bakori ni da shi. Muna rumfar masu taba, wani mutum daga wani ƙauye can wajen Ɗandume yana ba da labari da alfahari. Wai mai garinsu ya samu girma, sarki ya aiko tun farkon damina an tafi da ɗansa fada. Wani ya ce ba ku ji ana yawo da takardun ƙarya ba? Mutumin ya ce su ba yara ba ne, sai da suka duba. Giɓi biyu, na dutse da na kibiya, yadda tsohon ɗan aiken nan na wajen Maska ya faɗa. Bai san wanda ke tsaye kusa da shi ba. Kakana ya aje tabar da ya ɗauka, ya kama hannuna, ya matse har na yi ƙara.

Washegari ya ɗauki sanda ya tafi ƙauyen nan a ƙasa, shi kaɗai, ya hana kowa raka shi. Abin da ya faɗa wa uban yaron, da abin da uban ya mayar masa, bai gaya wa kowa ba, har kakata. An ce an tura mutane birni, fada ta ce ba ta san zancen ba. An bi kasuwannin yamma ana tambaya, ba labari. Da tsoho ya dawo ya rame kamar ya yi jinya. Ya ɗauko gafakar. Ba a ƙona abin da ke da sunan Allah a wulaƙance, ba a kuma zubarwa, sai ya zuba su duka a sabuwar tukunya, ya rufe da faifai, ya liƙe da laka, ya haƙa rami mai zurfi a bayan masallaci ya binne. Bayan haka in aka kawo masa hatimi ya duba, sai ya ce idonsa ya mutu. Idon da yake zura zare a allura har shekarar da ya rasu.

Yanzu takarda ta yi yawa har ta zama ba a ganinta. Ta haraji, ta asibiti, ta auduga, ta alƙali, kowace da abin da aka buga mata a kai, mutane na karɓa su cusa a hula ba wanda ke juya bayanta. An ce sayar da mutum ya ƙare, na kuma yarda, tunda na ga ƙarshensa da idona. Hanyoyi sun buɗe. Jirgin ƙasa na tsayawa a Funtuwa, yana sauke mutanen da aka daɗe da yi musu sadakar arba'in. Na ga wanda ya dawo daga Gwanja da jikoki, na ga wanda ya dawo daga gabas bai iya Hausa ba sai sunan uwarsa.

Yaron nan na wajen Ɗandume ban taɓa ganinsa ba, ko sunansa ban sani ba. An ce sa'ana ne, shi ma ɗan fari. In yana raye tsoho ne kamata, haƙora sun zube, a wata ƙasa, da wani harshe a bakinsa. Ina jin shi ma ya wanke ƙafafunsa ran nan. Jikokina suna yi mini tsiya wai ina son jirgi kamar yaro, don duk ranar da na shiga Funtuwa sai na ratsa tasha na zauna a benci har ya iso. Na bar su a haka. Samari da 'yan kasuwa ba su dame ni ba, su sauka su wuce. Tsofaffi nake dubawa, musamman wanda ya sauko ya tsaya yana waige-waige, kamar mai neman hanyar wani ƙauye da ya manta rabin sunansa. In na ga irinsa sai in tashi in yi masa sallama, in tambaye shi daga ina. Har yanzu dai kowa ya san inda za shi.